Kafin Ka Hau Motar Abijan: Harajin da Ke Bin Mai Barin Ƙasa

Da zarar an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, tashoshin motar Tawa sai su cika maƙil. Samarin Kalfu da Barmu da Afala da Takanamat, da na Keita da Tamaske, kowa da jakarsa a kafaɗa: masu Abijan, masu Legas da Kano, da masu bi ta Agadas su faɗa Libiya ko Tamanrasset. Tafiya biɗa gadon Adarawa ce, kuma wajen shirinta ana tuna kuɗin mota da guzuri da abin da za a bar wa iyali. Haraji ne ba a cika tunawa da shi ba. Wanda ma ya tambaya a majalisa, amsa biyu yakan samu, kuma kowacce da giɓinta. Wani ya ce masa in dai ka tsallake iyaka, ba ruwanka da lanho. Wani ya ce ai sai ka nuna shaidar biya kafin a bar ka ka wuce.

A kan iyaka, ko ta Ƙonni ce ko filin jirgin Diori Hamani na Yamai, ba wanda zai ce ka kawo takardar bayanin kuɗin shigarka. Ɗan sanda katin ɗan ƙasa ko fasfo yake nema, ma'aikacin lafiya katin rigakafin shawara, ɗan duwan kuma kayanka da kuɗin da ke hannunka. Sai dai wucewa a iyaka ba sallama ba ce. Ma'aikatar haraji sunanka take bi, da duk abin da ka bari a rubuce da sunan: lambar mai biyan haraji ta NIF, shago, gidan haya, mota, ko layinka a katin iyali. Wanda bai bar komai ba yana iya tafiya hankalinsa kwance. Wanda ya bar wani abu, akwai aikin da ke gabansa kafin ya yanki tikiti.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina harajin ƙasar. Nijar ba ta da takarda guda wadda kowane ɗan ƙasa ke cikawa shekara-shekara ya tattara duk abin da ya samu, irin yadda ake yi a Faransa ko Amurka. Kundin haraji na dokar 20 ga Yuni 2012 ya raba abin gida-gida: albashi da harajinsa, wato ITS, ribar kasuwanci da nata, wato ISB, kuɗin haya da nasa. Dokar kasafin kuɗi ta kowace shekara takan taɓa adadin da ake biya, amma rabon yana nan. Harajin gwamnatin tsakiya hukumar DGI ke karɓa, tana da babban ofishin jiha a Tawa da rassa a gundumomi. Na ƙaramar hukuma kuwa ta ofishin magajin gari da hannun masu gari yake bi. Kowane gida da wanda doka ta ɗora wa nauyin kai bayani, kuma sau da yawa ba mai samun kuɗin ba ne.

Mai cin rani da katin iyali

Mafi yawan masu hawa motocin nan manoma ne. Wanda ya noma gero da wake ya ci da iyalinsa, ya kai 'yan tiyoyi kasuwar Lahadi ya sayar, babu wata takardar kuɗin shiga da ake jira daga gare shi, ko yana gida ko ya tafi. Abin da ke kansa shi ne harajin ƙaramar hukuma, wanda ake ƙirgawa bisa kai.

Wannan haraji da tafiya biɗa tsofaffin abokan tafiya ne. Tun farkon ƙarni na 20 Faransawa suka ɗora harajin kai, suka ce kuma da tsabar kuɗi za a biya, a ƙasar da kuɗin ba su wadata ba. Neman kuɗin lanho yana cikin abin da ya fara tura mazan Adar kudu, zuwa Najeriya da Gana ta yau. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai na ƙasa, aka bar ɗan ƙarami na gunduma, wanda ya koma hannun ƙananan hukumomi bayan zaɓen 2004. An daɗe ana biyan sefa 700, dala 140 ke nan, a karkara, na cikin birni kuma ya ɗara haka. Tsofaffi da naƙasassu da 'yan makaranta ba sa ciki.

Kuɗin ba su da yawa, amma duba yadda ake karɓarsu. Maigari na zaune a zaure, takardar sunaye a gabansa, magidanta na shigowa ɗaya bayan ɗaya da katinsu. Wani dattijo ya miƙa nasa, aka ƙirga masu biya shida.

"Ranka ya daɗe, ai yaran nan uku suna Abijan tun kaka."

"To, Malam, sun tafi da sunansu ne? Ga su nan a takarda."

Maigari ba mugunta yake yi ba. Jimillar da ke takardar ita ake jira ya kai, in ta gaza shi za a tambaya. Dattijon kuma ya ciro kuɗin mutum shida daga aljihun da babu na uku a ciki. Saboda haka kafin ka tafi, ka bar wa mahaifinka ko yayanka kuɗin shekarar, ko ka haɗa da aiken farko, ka kuma ce a karɓi rasidi mai ɗauke da shekarar a ajiye maka. Ofisoshi da yawa sukan nemi wannan rasidi idan ka zo neman katin ɗan ƙasa ko wata takardar hukuma, kuma galibi ranar da kake gaggawa ake nemansa.

Wasu sukan so a cire sunansu daga katin don a huta. Ana yin hakan a ofishin magajin gari ko lokacin ƙidayar hukuma, ga wanda ya ƙaura da gaske. A ganina wanda ke da niyyar dawowa damina bai kamata ya yi ba. Sunanka a katin mahaifinka shaida ce ta cewa kai ɗan garin ne, kuma sau da yawa da yawan mutanen katin ake duba rabon gida idan an zo sayar da hatsi da rahusa a shekarar da damina ta gaza. Dala 140 ba ta kai a sayar da wannan ba.

Kuɗin da kake aikowa gida ta Nita ko Al Izza ko Amana, mahaifiyarka ba za ta cika wata takardar haraji a kansu ba. Abin da aka cire wajen aike ladan aike ne. Kayan da ka ɗauko ranar dawowa kuwa, babur ko buhunan tufafi na sayarwa, wannan tsakaninka da duwan ne. Haka tsabar kuɗi mai yawa: dokokin bankin BCEAO sun sa iyakar da in an wuce ta sai an bayyana a kan iyaka, don haka gara a bi da su ta banki ko kamfanin aike.

Mai albashi

Nan maganar gajeruwa ce. Malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, direban wata ƙungiyar agaji, akawun kamfani, duk ana cire musu ITS daga albashi kafin ya iso hannunsu. Harajin hawa-hawa ne, a tsarin da aka daɗe ana aiki da shi yana farawa daga kashi 1 cikin 100 ya kai 35 a kan manyan albashi, ana kuma rage wa mai iyali. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ke zuba kuɗin kowane wata, shi ke kai bayanin shekara. In albashi ne kaɗai hanyar samunka, ba ka da takardar da za ka cika don za ka bar ƙasa.

Abin da ya rage maka shi ne tattara shaida. Karɓi takardun albashinka, musamman na watannin ƙarshe, da takardar shaidar aiki, wadda dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta a ba duk ma'aikacin da ya bar aiki. Je ofishin CNSS, mai kula da fansho, ka nemi lissafin abin da aka zuba da lambarka. Akwai masu cire kuɗi daga albashin ma'aikaci su ƙi kaiwa, kuma gano hakan kana Tawa ya fi sauƙi a kan gano shi bayan shekara ashirin, ranar neman fansho. Ma'aikacin gwamnati kuma kada ya sulale haka kawai. Ya nemi hutun dakatar da aiki a rubuce, ko ya ajiye aikin. Albashin da ya ci gaba da faɗawa asusunsa bayan ya bar bakin aiki bashi ne na baitulmali, ana kuma bin sa.

Mai lambar NIF

Ga inda amsar tambayar ko akwai aikin haraji kafin tafiya ta zama "e, wajibi ne". Duk wanda ya taɓa karɓar lambar NIF, ko don shago a babbar kasuwa, ko don ɗaukar albasar Tamaske da Galmi zuwa Abijan, ko don ya samu kwangilar kai wa wata makaranta tebura sau ɗaya tak, sunansa ya shiga rajistar masu biya. Lambar nan kamar akuya ce da ka bari a hannun makiyayi: ko kana bakin teku, ladan kiwo na hawa.

Ciro takardar ka dubi harafin da ke bayan lambar. Idan P ne, kana cikin ƙananan 'yan kasuwa masu biyan haraji dunƙule, wanda har yanzu mutane ke kira patanti. Idan S ne ko R, kana cikin masu kai lissafi na ainihi: ribar shekara ana kai bayaninta kafin ƙarshen Afrilu, a tsarin dokar 2012 ISB kashi 30 cikin 100 ne, harajin TVA da ake ɗorawa kan ciniki kashi 19, kuma akwai mafi ƙarancin haraji da ake biya bisa cinikin shekara ko da ba a ci riba ba. Mai irin wannan lamba, ko bai sayar da ko allura ba, ana jiran ya kai takarda ya rubuta cewa babu. Idan ya yi shiru, doka ta ba ma'aikata damar su ƙiyasta masa ciniki da kansu, su ɗora haraji a kai, su ƙara tara. Ƙiyasin ofis kuwa ba ya zuwa da sauƙi. Mutum ya dawo bayan shekara huɗu da ɗan jarinsa, ya je neman takardar ARF, shaidar cewa ba a bin sa haraji, don shiga takarar kwangila ko fitar da kaya daga duwan, a juyo masa da fuskar kwamfuta ya ga bashin shagon da ya rufe tun kafin a haifi ɗansa na biyu.

Mai patanti shi ma bai tsira ba. Harajinsa na shekara ne, wanda sabuwar shekara ta samu a rajista ana lissafa masa ita. Wannan ya sa lokacin tafiyar Adarawa ke da muhimmanci. Mai tashi a Nuwamba ko Disamba ya kai takardar rufewa kafin 31 ga Disamba. Jinkirin mako biyu yana iya jawo masa kuɗin shekara guda.

Kafin ka je ofis, yanke shawara tsakaninka da kanka: rufewa za ka yi gaba ɗaya, dakatarwa za ka yi na wani lokaci, ko wani za ka bar wa? Kowanne da takardarsa.

In rufewa ce, rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ga shugaban ofishin harajin da ke riƙe da fayil ɗinka. Masu rubuta wasiƙa da ke zama kusa da ofisoshi sun san tsarinta. Ta ƙunshi cikakken sunanka yadda yake a takardar NIF, lambar, irin sana'ar, inda shagon yake, ranar da ka daina, da lambar wayar wanda za a nema a madadinka. Yi ta kwafi biyu. Idan ka miƙa, kada ka juya sai sakatare ya buga hatimin karɓa a kan kwafinka, ya rubuta kwanan wata da lambar shiga, ya sa hannu. Za a iya ce maka, "Alhaji, bar ta kawai, za mu duba." Ka yi murmushi ka ce, "Na gode, Malam, a dai buga mini a nawa." Wannan hatimi mai shuɗin tawada shi ne duk hujjarka. Takarda takan ɓata a ofis, ma'aikaci yakan samu canjin wurin aiki, amma kwanan watan da ke kwafinka ba ya canzawa. Ɗauki hotonsa da waya tun kana tsaye a wurin, ka tura wa mutum biyu.

Wa'adin sanar da rufewa gajere ne, da kwanaki ake ƙirga shi, don haka a kai wasiƙar a makon da aka rufe. Mai S ko R zai haɗa da lissafin ƙarshe, daga 1 ga Janairu zuwa ranar rufewa: abin da aka saya, abin da aka sayar, kayan da suka rage da inda suka nufa, TVA ta watan ƙarshe, da ITS da kuɗin CNSS na yaran shago in suna rajista. Wannan aikin akanta ne, kuma gara a biya ladansa da a biya tarar da kuskure ke jawowa. Harajin da lissafin ya nuna nan take ake biyansa, ba a jiran Afrilu.

Biya kuma a wurin mai karɓar kuɗi na ofis ake yi, ko ta hanyar da ofis ya nuna, a ba ka kitansi mai lamba. Duk wanda ya tare ka a baranda ya ce kawo ya ƙarasa maka, ko ɗan unguwarku ne, ka ce masa ka gode. Kuɗin da ba su da kitansi, a idon hukuma ba a biya su ba. Bayan ka biya, nemi ARF, takardar da ke shaida cewa a ranar ba a bin ka komai. Tana da wa'adi, takan ƙare, amma tana nuna inda lissafinka ya tsaya ranar da ka tafi.

Saura ƙofa biyu da mutane ke mantawa. Wanda ya yi rajistar kasuwanci ta RCCM, dokar OHADA ta ba shi wata ɗaya daga ranar da ya daina sana'a ya nemi a soke sunansa, a ofishin magatakardan kotun da aka yi rajistar. Mai rumfa ko shago na hukumar birni kuma ya je ofishin magajin gari ya mayar, ko a sauya sunan mai haya. Babur ko motar da ka sayar don haɗa kuɗin tafiya, tabbatar an sauya sunan da ke katinta, in ba haka ba harajinta na shekara da duk wata ɓarnar da aka yi da ita kai za a nema.

Dakatarwa ta fi dacewa da wanda zai yi wata shida ko shekara ya dawo kan sana'arsa. Wasiƙar iri ɗaya ce, sai dai ka faɗi ranar tsayawa da lokacin da kake sa ran komawa. Tambayi ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinka wace takarda za a ci gaba da kaiwa a tsawon dakatarwar, ka rubuta amsar da sunansa. Masu lissafi na ainihi suna iya kai bayaninsu ta intanet a dandalin e-SISIC na DGI, wanda ke nufin akantanka ko kai kanka daga Abijan kuna iya riƙe fayil ɗin da rai.

Hanya ta uku ita ce aka fi bi a Adar, ita ce kuma ta fi haifar da rigima: a bar wa ƙane shago. Ciniki na tafiya, lambar kuwa ta yaya ce. Duk abin da ƙanen ya yi ko ya ƙi yi, a kan sunan yaya yake sauka. Idan ka amince da haka, ba shi takardar wakilci da aka buga wa hatimi a ofishin magajin gari ko wurin notar, ku kuma yi ƙa'ida cewa duk kitansin da ya karɓa zai turo hotonsa ta WhatsApp a ranar. Idan shagon ya zama nasa ne, ya karɓi tasa lambar, kai ka rufe taka. Zumunci ya fi daɗewa a haka. Abin da ban ga uzurinsa ba shi ne ba da aron NIF ga mai shigo da kaya don ɗan abin da zai ba ka. Kwantenonin da aka fitar da lambarka suna nan a kwamfutar duwan, ma'aikatar haraji tana ganinsu, kuma za ta tambayi ribarsu wurin mai lambar, ko da bai taɓa ganin ƙyallen ba.

Duk wannan ba aikin jajibirin tafiya ba ne. A ba shi wata guda.

Gidan haya

Unguwannin Tawa cike suke da gidajen siminti da kuɗin biɗa suka gina, da yawansu kuma haya ake ba da su. Harajin gida da na kuɗin haya a inda gidan yake ake biyansu, ko mai shi yana Kamaru. Fita ƙasa ba ta rage komai a nan, sai ma ta ƙara buƙatar wakili. Idan mai hayarka ma'aikatar gwamnati ce, ko ƙungiyar agaji, ko babban kamfani, su ke cire harajin daga kuɗin haya su zuba, kai kuma ka nemi takardar shaidar cirewa duk shekara. Idan magidanci ne kawai, nauyin yana kanka. A rubuta yarjejeniyar haya, a yi mata rajista, a bar wa wakili kwafi. Sau da yawa uwargida ta fi kowa dacewa da wannan wakilci, don ita ke zaune, ita kuma ta fi sanin inda takarda take.

Ƙasa biyu, samu ɗaya

Wanda ya shekara goma a unguwar Adjame ta Abijan, matarsa da 'ya'yansa da gonarsa suna Barmu, ɗan wace ƙasa ne a wajen haraji? Tsakanin ƙasashe takwas na UEMOA, wato Nijar, Kodibuwa, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal da Gini Bisau, akwai ƙa'idar 2008 da ta hana a karɓi haraji sau biyu a kan samu ɗaya. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta shafi wannan ba, don ƙungiyoyin daban suke. Ƙa'idar tana duba inda mutum ke da gidan zama na dindindin, in yana da shi a ƙasashen biyu sai a duba inda iyalinsa da harkokinsa suka fi nauyi. A aikace abin da ya fi shafar mutanenmu mai sauƙi ne: albashi a ƙasar da aka yi aikin ake biya masa haraji, shago a ƙasar da yake, gida a ƙasar da aka gina shi. Najeriya da Gana da Libiya da Aljeriya ba sa cikin wannan ƙa'ida. Yarjejeniyar haraji ta 1965 tsakanin Nijar da Faransa kuwa, gwamnati ta sanar da soke ta a Disambar 2023, tare da Mali, don haka mai fansho ko albashi daga Faransa ya nemi shawarar masani kafin ya ɗauka cewa tsohon tsari na nan.

Ranar barin can

Tambayar tana da fuska ta biyu, don mai biɗa sau biyu yake barin ƙasa. Mai tallan kaya a ka ko mai tebur a Abijan da Legas, abin da ya saba biya tikitin kasuwa ne da harajin ƙaramar hukuma, da ya daina fitowa maganar ta ƙare. Amma wanda ya yi rajistar shago can, duk abin da aka faɗa a sama ya hau kansa a ofishin harajin can. Wanda ya yi aikin albashi a Kodibuwa ya karɓi lissafin fanshonsa na CNPS kafin ya taso. A Najeriya harajin albashi hukumar haraji ta jiha ke karɓa, kuma takardar shaidar biya da suke bayarwa shekara uku take rufewa. Tana da amfani ga mai niyyar komawa.

Ƙasashen Turawa sun fi tsanani. A Faransa wanda ya bar ƙasar yana kai bayanin kuɗin shigarsa a shekarar da ta biyo baya, ya kuma ba su sabon adireshinsa. A Amurka, inda 'yan Nijar ke da yawa a New York da Greensboro, doka ta ce yawancin baƙi masu barin ƙasar su nemi takardar sallama daga hukumar IRS ta hanyar cika fom 1040-C ko 2063, ban da irin su masu yawon buɗe ido da yawancin ɗalibai, kuma wannan ba ya ɗauke bayanin shekara da ake kaiwa a tsakiyar Afrilu. Mai katin zama na dindindin, ko ya dawo Tawa ya buɗe kanti, Amurka na ci gaba da jiran bayaninsa har sai ya mayar da katin a hukumance. Wanda ya karɓi zama ɗan ƙasarsu kuwa, duk inda yake a duniya suna bin sa da shi.

Ba kowa ke samun zarafin yin sallama ba. An kori baƙi daga Gana a 1969, daga Najeriya a 1983, yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubbai, har yanzu kuma ana sauke mutane daga Aljeriya a kusa da Assamaka da rigar da ke jikinsu kawai. Shi ya sa kowace takarda da ka samu a can, ta albashi ko ta biya, a ɗauki hotonta a turo gida tun ranar da aka karɓe ta.

Wanda ya riga ya tafi

In kana karanta wannan daga waje, lambarka kuma tana buɗe a Tawa, kada ka jira ranar dawowa, don tara kullum ƙaruwa take. Je ofishin jakadancin Nijar na inda kake, kamar na Abijan ko ƙaramin ofishin Kano, a buga maka hatimi a takardar wakilci. Wakilinka ya je ofishin haraji ya nemi cikakken lissafin abin da ake bin ka, shekara-shekara, a rubuce. Ya kai wasiƙar rufewa tare da duk abin da ke nuna ranar da shagon ya daina aiki: hatimin fita a fasfo, katin ofishin jakadanci, takardar mayar da rumfa, shaidar mai unguwa. Da waɗannan ake ƙalubalantar harajin da aka ƙiyasta a kan shekarun da ba a yi ciniki ba. Abin da ya tabbata bashi ne na gaske, a nemi a raba shi kashi-kashi, a kuma rubuta takardar roƙon sassauci a kan tarar. Doka ta buɗe wannan ƙofa, kuma an fi sauraron wanda ya fara biyan uwar kuɗin kafin ya roƙa.